Mai Ɗinkin da Na Hana Diyyar Gidanta

Da hantsin ranar Talata, goma sha tara ga watan Fabrairu, ina zaune a ofis ina duba takardun wani mutum da iska ta yaye wa rufin gida, sai 'yarki ta tsakiya ta kira ni a waya. Ba ta ja zance ba. Ta ce, "Malam, Inna ta cika." Na ajiye biro. Na Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma.

Inna, ban san ko ya dace in rubuta miki ta'aziyya ba. Ni ba ɗanki ba ne, ba maƙwabcinki ba ne, ba ma cikin waɗanda kike yi wa ɗinki nake ba. Ni ne ma'aikacin kamfanin inshora da aka turo gidanki bayan gobara, shekara shida da suka wuce, kuma rahoton da na rubuta da hannuna shi ya hana a biya ki. Waɗanda suka san labarin za su yi mamakin ganin wannan rubutu. Amma akwai abin da na sani game da ke wanda ba kowa ya sani ba, kuma ba na so ya tafi tare da ni.

Kwana uku bayan gobarar na zo. Aikina shi ne in duba abin da ya ƙone, in gano inda wuta ta fara, in ƙiyasta asarar. Na tarar da ke a tsakar gida a kan kujerar roba da maƙwabta suka ara miki, kina tari. Ɗakuna huɗu, babu wanda rufinsa ya tsira. Kwanon ya lanƙwashe ya faɗo ciki, bango ya yi baƙi har sama, ruwan 'yan kwana-kwana bai gama bushewa a ƙasa ba. Duk da haka kika sa aka share mini wuri, kika ba ni haƙuri wai babu abin da za ki ba ni in sha.

Kika miƙo mini takardar inshorar a cikin leda. Marigayi mijinki ne ya yi ta tun yana aiki, ya ce miki ko bayan ransa kada ki bari ta mutu. Kuma ba ki bari ba. Shekara goma sha ɗaya bayan rasuwarsa kina biyan kuɗin shekara, ba ki taɓa tsallake ko ɗaya ba. Ba ki kuma taɓa karanta ta ba. Shafi goma sha huɗu ce, da ƙananan haruffa, kuma a ganinki tunda kina biya magana ta ƙare.

A ɗakin gaba na ga abin da ya tsayar da ni. Kawunan keken ɗinki uku a cikin toka, da dutsen guga na lantarki har yanzu wayarsa na manne da bango. Daga nan wutar ta tashi, ko makaho ya shafa zai gane. A shafi na tara na takardarki an rubuta cewa gidan na zama ne kawai, kuma duk asarar da ta taso daga sana'ar da ake yi a cikinsa ba tare da an sanar da kamfani ba, babu diyya.

Na fito na tambaye ki, "Inna, wannan ɗakin na mene ne?"

Babban ɗanki, direban nan, yana tsaye a bayanki. Ya ga fuskata, ya gane. Ya yi sauri ya ce ɗakin yara ne, kekunan tsofaffi ne da aka ajiye. Ni kuma, Allah ya sani, na rufe littafina na ce ki yi tunani kafin ki amsa. Ban taɓa gaya wa kowa haka ba a wajen aiki. Na ba ki ƙofa ce, kuma kin gan ta.

Kika ce, "Ɗana, a nan nake ɗinki. Da shi na ciyar da su tun da ubansu ya rasu. Rubuta."

Na rubuta. Ɗanki ya bi ni har bakin mota yana faɗa mini maganganun da ba zan maimaita ba. Bayan mako uku wasiƙar kamfani ta iso miki, layi biyar, ana baƙin cikin sanar da ke.

Na ɗauka mun rabu ke nan. A aikinmu, wanda aka hana diyya ko dai ya zo da lauya, ko ya zo da zagi, ko ba a sake ganinsa. Ke kuwa bayan wata ɗaya kika shigo ofishinmu da ledar nan a hannu, kika nemi "yaron da ya zo da littafi." Na fito a shirye da jin baƙar magana. Kika zauna, kika fito da takardar, kika ce ba rigima kika zo yi ba. Kin biya kuɗin abu shekara goma sha ɗaya ba ki san mene ne ba, kuma ba ki so ki mutu ba ki sani ba. Kina so in karanta miki ita tun daga farko, kalma bayan kalma.

Ranar Laraba huɗu muka yi a jere, lokacin hutun cin abincina, a kan bencin da ke ƙofar ofis. Na yi miki bayanin cewa inshorar gini daban ce da ta kayan ciki: ta farko ta tsaya a bango da rufi da ƙofofi, ta biyu ita ce ta gado da kujeru da tufafi, kuma mijinki ta farko kawai ya yi. Kika ce ashe ko da an biya ki, a ƙasa za ki kwana. Na yi miki bayanin iyakar diyya, wato adadin da kamfani ba zai wuce ba komai girman asara, kuma naki adadin na farashin shekara goma sha biyar baya ne, ba zai gina rabin gidan ba a yau. Da muka zo kan kason mai gida, kuɗin farko da mutum zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya sa hannu, sai kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Kika ce, "Wato ko a ranar da za su taimake ni, ni zan fara taimakon kaina."

Ba ki yi dariya ba a ranar da muka kai shafin togaciya, jerin abubuwan da aka cire daga yarjejeniya. Ambaliya ba ta ciki. Gara da tsufan gini ba sa ciki. Gidan da aka bari babu kowa fiye da wata biyu ba ya ciki. Kayan mutane da aka ba ka ajiya ba sa ciki. Da na karanta layin sana'a, kika sa yatsa a kai, kika tambaye ni nawa ne ƙarin da za ki biya da a ce kin sanar da su. Na faɗa miki. Bai kai kuɗin ɗinkin riga uku ba a shekara.

Sai kika yi mini tambayar da har yau ban sami amsarta ba. Kika ce wakilinmu da ke zuwa karɓar kuɗi duk shekara a ɗakin ɗinkin yake zama, har wandonsa kin taɓa rage masa. Me ya hana shi buɗe baki sau ɗaya? Na san amsar da ake bayarwa a ofis, cewa haƙƙin mai takarda ne ya karanta takardarsa. Na kasa faɗa miki ita.

Da wannan maganar na rubuta ƙorafi a madadinki. Ya yi wata goma sha huɗu yana yawo daga tebur zuwa tebur. Shugabana ya kira ni sau biyu ya tambaye ni ko na manta wanda yake biyana albashi. A ƙarshe suka ba da wani ɗan abu da suka kira na jin ƙai, ba diyya ba, don kada ya zama hujja ga wani. Ɗaki ɗaya kuɗin ya rufa. A cikinsa kika ƙare rayuwarki, gado a gefe, keke ɗaya na aro a bakin taga, sauran ɗakuna uku suna kallon sama, ciyawa na fitowa a inda 'ya'yanki suka yi rarrafe.

Daga baya na ji cewa ranar gobarar kin koma cikin hayaƙin sau biyu. Ba gwal kika je ɗaukowa ba, ba takardun gida ba. Kayan makarantar 'ya'yan mutane ne da aka kawo miki ɗinki, saura kwana huɗu a koma hutu. Kin fito da rabi. Sauran rabin kika sayi yadi kika ɗinka musu a hankali, ba ki karɓi kuɗin kowa ba, duk da cewa da yawansu sun ce sun yafe. Hayaƙin da kika shaƙa a ranar shi ya zauna a ƙirjinki. Tarin da na fara jin ki da shi a tsakar gida bai taɓa barin ki ba, kuma likitoci sun ce shi ne ya ci huhun a hankali.

Wani da ya ga abin da kika gani zai tsani jin kalmar inshora. Ke sai kika bi layinku gida-gida kina cewa kowa ya fito da takardarsa. Mai burodin da ke gasawa a bayan gidanta, ke kika nuna mata layin da ya cinye ki. Bakaniken da ke ajiye jarkokin fetur a ɗakin baƙi, kika tsaya a kansa sai da ya kwashe su. Tsohon malamin makarantar da gidansa ke bakin kwalbati ya yi shekara da shekaru yana zaton idan ruwa ya shigo masa za a biya shi. Ke kika karanta masa togaciyar, ya yi fushi da ke kwana biyu, sannan ya zo ya yi ƙarin inshorar ambaliya. Duk wanda abin ya shige masa duhu sai ki turo mini shi, ki ce ya je wajen Malam Inshora, ya ce daga gare ki ne. Na ƙirga mutum ashirin da uku. Bara da wuta ta kama kicin ɗin mai burodi, an biya ta cikin mako shida. Ke ce kika fara zuwa taya ta murna, kika koma ɗakinki guda.

Akwai kuma abin da kika yi mini ni kaina. Shekara uku da suka wuce matata ta haihu, jaririn bai zo da rai ba. Ban gaya miki ba, ban san ma wanda ya gaya miki ba. Na shigo ɗakin asibitin da rana na tarar da ke zaune a bakin gadonta, kin riƙe mata hannu, kina ba ta shayi da cokali. Kwana biyar kina zuwa, kina hawa matattakalar nan kina tsayawa a kowane bene ki huta. Matata ta tambaye ni ko gwaggona ce. Na ce mata a'a, wata baiwar Allah ce da na taɓa yi wa aiki. Sai bayan watanni na iya gaya mata irin aikin. Ta yi kuka fiye da yadda na zata.

Sau ɗaya na roƙe ki gafara a fili. Kina ɗinki, ba ki ko ɗaga ƙafa daga kan keke ba. Kika ce, "Ƙarya ka rubuta?" Na ce a'a. Kika ce, "To me zan yafe? Kai dai idan ka je gidan wani, ka gaya masa tun wuta ba ta tashi ba." Na yi ƙoƙarin bin wannan. Yanzu duk wanda ya zo yin sabuwar yarjejeniya, da shafin togaciya nake fara masa, ko da zai fasa. Wasu suna fasawa. Abokan aikina suna cewa ina korar kasuwa.

Amma ba zan yi miki ƙarya a kabari ba, Inna. Yafiyarki ba ta sauke mini nauyin ba. Na ga kawunan kekunan nan ni kaɗai, babu wanda yake tare da ni a ɗakin. Na sha tambayar kaina, da a ce ban tambaye ki ba fa? Da na ci amanar aikina, haka ne. Da kuma wataƙila kin yi shekarunki na ƙarshe a gida mai rufi, ba a ɗakin da danshi ke tsattsafowa ta bangon da wuta ta fasa ba. Ban san wanne Allah zai tambaye ni a kai ba.

Ranar da aka kai ki, na tsaya a can baya. Da aka gama na je na miƙa wa babban ɗanki hannu. Ya dube ni, ya dubi hannun, ya juya ya tafi. Ban ga laifinsa ba, kuma ba na roƙon kowa ya yi masa magana. Shi ne ya riƙa ɗaukar ki zuwa asibiti, shi ya san abin da ya gani.

Ina miƙa ta'aziyyata gare shi, da 'yarki ma'aikaciyar jinya wadda ta yi jinyarki har ƙarshe, da autanki, da jikokinki bakwai, da ƙanenki da ya ba ku masauki a watannin farko, da duk mutanen layin da kika wahala dominsu. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya haɗa kanku, ya ba ku ikon rufa abin da ya rage na gidan.

Ya Allah, baiwarka ta faɗi gaskiya a ranar da ƙarya za ta fi mata sauƙi, kuma ka ga abin da gaskiyar ta jawo mata. Ka biya ta da abin da mu muka kasa biyan ta. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya mata ƙirjin da ya sha wahala, ka sada ta da mijinta a cikin rahamarka. Mu kuma da muka rage, ka yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka kyautata namu ƙarshen. Amin.