Yadda Mai Usur Ya Koyi Tafiya

Har yau idan aka ambaci Mai Usur a unguwar, tsofaffin ɗalibansa sukan gyara tsayuwa ba tare da sun sani ba, ko da furfura ta gama cinye musu kai. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da wasannin motsa jiki a makarantar da ke bayan coci, usur a wuya, agogon awon gudu a aljihun riga. Filin da ya yi wannan aiki babu shi yanzu, an gina ajujuwa biyu da wurin ajiye motoci a kansa. Amma a da, duk yammacin Alhamis za a same shi a sunkuye da tsohon gwangwanin fenti da ya huda wa gindi, yana bin igiyar da ya ja yana zuba farar ƙasa, har layi shida su fito fes. In ruwa ya wanke su, washegari ya sake. Yara sukan ce ko tururuwa ta zo wucewa sai ta nemi izini.

Shi ma ya yi gudu a ƙuruciyarsa, na dogon zango. Bai taɓa zuwa na ɗaya a babbar gasa ba, na uku ne iyakarsa, kuma kofin da aka ba shi yana nan a falo, matarsa tana zuba maɓallai a ciki.

Yana ɗan shekara sha tara aka yi masa baftisma. A ranar faston ya yi wa'azi cewa bin Yesu tsere ne, kowa da layinsa, kuma mai gudu sai ya hori jikinsa. Sauran samarin sun ji, sun ce amin, sun tafi cin abinci. Shi kuwa ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Tun daga nan yake tashi ƙarfe huɗu da rabi ya yi addu'a, ba ya ci har ya ƙoshi, ba ya zaman hira a bakin titi, ba ya waiwaye idan yana tafiya. Da dattawan ikkilisiya suka ga haka sai suka damƙa masa makullin coci. Shekara ashirin da takwas shi ke buɗe ƙofa ranar Lahadi, ya share mumbari, ya jera kujeru, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa zuwa aka tarar da ƙofar a rufe ba.

Matarsa tela ce, kekenta yana ɗakin da ke bakin ƙofar gida, kowa yana ce mata Mama Tela. Daga gidansu zuwa coci tafiyar minti bakwai ce a ƙafarsa, a tata kuwa minti arba'in. Ba ciwo ba ne, gaisuwa ce. Za ta tsaya wurin mai kayan miya ta tambayi jikin uwarta, ta leƙa shagon wanzami, ta gyara wa wata yarinya ɗaurin zane. A farkon aurensu ya yi ta fama da ita, har ya taɓa lissafa mata yawan waƙoƙin buɗe sujada da suka wuce ta a shekara guda. Ta saurare shi har ya gama.

"Malam," ta ce, "ka yi gaba ka kama mana wuri. Ko a sama ma haka za mu yi, ina nan tafe."

Haka suka zauna shekara arba'in, suka haifi 'ya'ya huɗu suka aurar, ba su taɓa shiga coci tare ba in ban da ranar ɗaurin aurensu.

Shekara biyu bayan ya yi ritaya, wata ranar Talata tana kan keke sai ƙafarta ta hagu ta zame daga matakin, ta ƙi komawa. Sati uku suka yi a asibiti. Aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma da sauƙi. Ranar sallama, ma'aikaciyar da ke koya wa marasa lafiya tafiya ta zaunar da shi ta gaya masa gaskiya: lallai matarsa ta riƙa taka ƙafar nan kullum, in ta zauna ƙafar za ta sandare, kuma kujerar da ta zauna a kai ita ce za ta zama wurinta har abada. Mama Tela, da bakinta da ya ɗan karkace, ta ce ita abu ɗaya take roƙo, ta sake zuwa coci da ƙafarta.

Mai Usur ya ji wani irin daɗi da ya ji kunyar nunawa. Ga aikin da ya iya ya zo har gida. Ya ciro agogon daga cikin akwati, ya murɗa shi ya kama aiki, ya raba mata hanya kashi uku: daga gado zuwa ƙofar ɗaki, daga nan zuwa ƙofar gida, sannan zuwa turken lantarkin da ke bakin titi. Ya so ya rataya usur ma, babbar 'yarsu ta hana. Kowace safiya zai miƙa mata sanda, ya wuce ya tsaya a gindin turken kamar yadda ya saba tsayawa a ƙarshen layi, ya ɗaga hannu, ya danna agogo. In sun dawo ya rubuta lokacin da alli a bayan ƙofa. Jiya minti shida da daƙiƙa goma, yau shida da ashirin, sai ya gaya mata ta koma baya, gobe a ƙara himma.

Abin da ya fi ɓata masa lissafi masu gaisuwa ne. Da sun hango ta sai su taso, ita kuma ta tsaya, agogo yana ta tafiya. Ran nan ya tare mai kayan miya da matar wanzami, ya roƙe su cikin ladabi su bar ta in tana atisaye, gaisuwa sai an jima. Suka bar ta kuwa. Kwana biyu ta yi tana jan ƙafa a titin da kowa ke kallonta daga nesa ba mai ce mata sannu. A rana ta tara ya miƙa mata sanda, ta ce ya jingine ta.

Ya ɗauka gajiya ce, ya ba ta hutun kwana ɗaya, don ya san tsoka tana son hutu. Kwana ɗaya ya zama sati uku. Ƙafar ta fara kumbura, yatsun hannun hagu suka fara lanƙwashewa ciki. Ya yi lallashi, ya yi wa'azi, ya ba ta labarin ɗalibansa da suka faɗi a fili suka tashi suka ƙarasa. Babbar 'yar ta zo ran Asabar, ta ga rubutun bayan ƙofa, ta ce masa Mama ba 'yar aji uku ba ce. Ya ce to in ba a auna ba ta yaya za a san ana ci gaba. Ta ɗauki tsumma za ta goge, ya ce kada ta soma.

Da ta tafi ya daɗe a tsakar gida. A duk shekarun aikinsa bai taɓa samun wanda ya ƙi tashi ba, mai tsoro da malalaci duk ya san maganinsu. Ya shiga ɗakin ya zauna a bakin gado, abin da ba ya yi da rana, ya tambayi matarsa laifinsa.

Ta juyo ta dube shi.

"Shekara arba'in ƙeyarka nake gani a hanya," ta ce. "Yanzu da na samu ka juyo, agogo kake kallo. In na faɗi fa? Kana can gindin turke."

Ya ce ai daga can ne ake ganin mai tahowa da kyau. Ta ce ita ba gani take so ba, hannu take so, ta nan gefen da ya mutu. In zai tsaya mata a hagu, gobe ma za ta tashi ta nufi coci. In ba haka ba a kawo mata rediyo.

Gobe kuwa Lahadi ce. Ba zai yiwu ya riƙe ta ya kuma buɗe coci ba, ko kusa. Ya taɓa makullin a aljihunsa. Ya sha gaya wa yara cewa gara ka zo na ƙarshe da ka fita daga layi kafin a gama, kuma a ransa makullin nan shi ne layinsa. Ya dubi yatsun hannunta. Wajen la'asar ya tashi ya tafi gidan kafinta, ɗaya daga cikin dattawan ikkilisiya, ya miƙa masa makullin. Sai kuma ya tsaya yana bayani: kwaɗon yana da taurin kai, sai an ɗaga ƙofar da gwiwa kaɗan, a murɗa hagu tukuna.

"Malam," in ji kafinta, "ni fa na yi ƙofar nan."

Washegari ƙarfe bakwai suka fito, sujada kuma ƙarfe takwas. Ya bar agogon a kan teburi, amma babban yatsansa bai daina neman aljihu ba. Bai taɓa sanin tafiyar sannu tana da wahala haka ba. Ƙugunsa ya riƙe tun kafin su wuce turken. Kowane taku uku sai ya tsere mata da rabin taku, ita kuma ta mintsine shi a damtse da hannunta mai lafiya, ya dawo. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya ga ashe gidan da ke kan kwanar titin an yi masa bene, ashe bishiyar da ke gaban shagon wanzami an sare ta tuntuni.

Mai kayan miya ta hango su ta yi turus, tana kallonsa. Ya ɗaga mata hannu ta zo. Ta taho da gudu ta rungume Mama Tela, sannan ta dube shi sama da ƙasa ta ce ashe dai Malam yana da birki. Wanzami ya fito da almakashi a hannu. A nan Mai Usur ya ji cewa ɗan wanzamin ya rasu wata huɗu da suka wuce, shi kuwa kullum yana wuce shagon. Ya yi masa ta'aziyya.

Suna gaban mai facin taya aka buga ƙararrawar coci. Jikinsa ya zabura da kansa har ya kusa jan ta ƙasa. Ta ce ƙafarta ta gaji, mai faci ya share musu benci, suka zauna. Daga can waƙar buɗe sujada take tasowa ta bisa rufin gidaje. Bai taɓa jin ta daga waje ba. Matarsa ta kama bi a hankali, rabin bakinta yana yi rabi yana hutawa, shi kuma ya zauna da hannayensa a kan gwiwa, zufa tana bin bayansa kamar wanda ya zagaya fili sau goma. Suka ji waƙa ta biyu ma a nan. Ya riga ya shirya a ransa yadda zai nemo abin hawa ya mayar da ita gida, sai ya ji ta dafa kafaɗarsa tana neman miƙewa.

Ana addu'ar rufewa suka isa. Matakala uku ce a ƙofar cocin. Ta hau ta farko, ta huta, ta hau ta biyu. Wata mata a kujerar baya ta buɗe ido ta gan su, ta taɓa ta kusa da ita, kafin fasto ya ce amin rabin cocin ya waiwayo. Mama Tela ta sa ƙafar hagu a kan ta uku, ta tsaya tana haki, ta ce masa a kunne kada ya kuskura ya saki hannunta, mutane suna kallo, kuma hularsa ta karkace.