Abin da ke Ƙarƙashin Rigar Maryamu

A ƙauyensu Nunziata, cikin duwatsun kudancin Italiya, namiji bai taɓa ganin Maryamun cocinsu babu riga ba, ko da Fada ne, limamin cocin. 'Yar mutum-mutumin tagulla ce, tsawon kamu ɗaya, wadda garmar wani kakansu ta tono a gona. Duk shekara kafin biki, mace ɗaya ce ke kulle ƙofa ta canja mata kaya. Nunziata ta gaji aikin daga uwarta, ta gaji kame baki tare da shi, don abin da ke ƙarƙashin doguwar rigar nan ba ya faɗuwa: guntuwar riga iya cinya, da kwarin kibau a baya.

Ba ta taɓa tambaya ba. Gaban tagullar nan ta durƙusa da mijinta ya tafi ƙwadago Jamus, gabanta ta yi kuka da bai dawo ba.

Da tsufa ya sa mata rawar hannu har allura ta gagare ta, sai ta shigo da 'yar ƙanenta Rocchina, wadda ta yi karatu a birni. Ganganci ne, amma wa gare ta? Suna zare rigar, yarinyar ta yi turus.

"Goggo, wannan ai Diana ce, gunkiyar farautar Rumawan da."

"Riƙe min allura, sarkin sani."

"Kayan tarihi ne fa. Ɓoye shi laifi ne."

"Da zazzaɓi ya kusa kashe ki kina jaririya, wa ya tashe ki? Gwamnati?"

Rocchina ta riƙe allurar a ranar, amma cikinta ba ya riƙe magana. Kafin a tsinke zaitun, ma'aikatan gidan tarihi suka zo da akwati, suka tafi da tagullar, suka bar wa Nunziata riguna. Matan gari suka daina gaishe ta. Ba ɗaukewar ce ta fi ƙona musu rai ba, sai cewa ta san abin da ke ƙarƙashin rigar, ta bar su suna durƙuso.

Da bazara ta hau bas zuwa gidan tarihi. Ta same ta cikin gilashi, an haska ta da fitila, gwiwoyi a waje, ɗalibai maza sun kewaye ta suna dariya. Kunya ta kama Nunziata kamar ita aka tuɓe. Ta cire mayafinta ta baza shi jikin gilashin.

"Iya, ba a taɓawa," in ji mai gadi.

"To ku fitar da mazan," ta ce. "Ba ta shirya ba."