Ranar da Kaka ta Shiga Tabki

Jiya maƙwabciyata ta jiƙa ƙaro za ta gyara hular mijinta, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tsince shinkafa. Sai na ajiye faifan. Ni dai duk inda na ji warin jiƙaƙƙen ƙaro, rumfar Baba nake gani, da sassaƙen katako a ƙasa, da wata kunya da ke bina tun ina yarinya a ƙauyenmu na gefen Allakaye.

Ka san mutanen Adar. Da an gama girbi an zuba damman hatsi a rumbu, duk namiji mai ƙarfi sai ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya nufi kurmi, ƙasashen kudu, ci-rani, gari ya rage daga mata sai tsofaffi sai mu yara. Baba ma ya yi shekaru yana wannan tafiya, yana dako a bakin teku a Abijan, har ranar da igiyar ɗaga buhuna ta tsinke, kaya suka sauko masa a ƙafa. Aka dawo da shi gida, aka kai shi asibitin mishan, suka yi iya ƙoƙarinsu. Ƙafar ta warke, amma ta gajarce, ba ta ƙara tafiya ba sai da sanda. Wannan bayan babban farin nan ne da ya ƙarar da shanu.

Tun daga nan, in rani ya yi, shi kaɗai ne mai baƙin gemu a garin. Da tufkar igiya ya kama, ko gyaran ƙota, da ba wanda zai ce uffan. To Baba jirage yake yi. Ba na kara irin na yara ba, jiragen ruwa na katako masu filafilan ƙyalle, tsawonsu kamar hannun mutum. Ya ga irinsu a cikin gilashi a ofishin masu jiragen da yake wa dako, ya dawo da hoton ɗaya da ya yago daga kalanda. Yakan roƙi akwatin shayi wurin masu kanti ranar kasuwar Buza, ya tsaga shi siri-siri da wuƙa, ya jiƙa a ruwan zafi har ya lanƙwasu, ya manne da ƙaro, ya kafe da ƙayar aduwa maimakon ƙusa. Akwai wani tsinke da yake awo da shi. Ya ce duk inda babban jirgi ya kai tsayin mutum, nasa faɗin yatsa ne, kuma ba ya yarda ya ƙara ko ya rage.

Wallahi kunya nake ji. Ƴan'uwana a lakwal, makarantar boko, kowa na faɗin abin da ubansa zai kawo daga kurmi, wannan rediyo, wancan atamfa. Ni in na je rijiya sai mata su tare ni: "Ɗiyar mai jirgi, yaushe za ku tashi? Ku aje muna wuri!" In cika tuluna rabi in gudu.

A ɗakin Kaka nake kwana, uwar Baba. Shi ne ɗan farinta, kuma ka san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama inda yake zaune, ba ta yabonsa ko da ya kashe zaki. "Wancan" take ce masa. Tana kaɗi tana mita: "Wancan dai, gemu ya hito, hankali na wurin wasa." Amma zarenta iri biyu ne. Akwai mai kauri da take kai wa masaƙi, akwai wani siriri ƙwarai da ba masaƙin da ya taɓa nema. Shi take miƙo mini ta ce, "Wanga ya ɓaci. Tahi ki yada shi can rumfa." Ni kuwa da gaske na ɗauka ya ɓaci. Da shi Baba ke ɗaure filafilansa.

A shekarar da nake ba ka labari, rani guda ya ɓata a kan jirgi ɗaya, wanda ya fi duk sauran girma, mai sanduna uku da ƴan tagogi a baya. Ya gama shi da faɗuwar ruwan farko, lokacin da ƴan ci-rani ke dawowa shuka. Cikinsu har da taubashin Baba, ɗan kawunsa. Taubashi kuwa abokin wasa ne, ko me ya faɗa maka, ko me ya ɗaukar maka, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Ya shigo rumfa bayan la'asar da rediyo a kafaɗa, mutane na biye da shi, ya ɗauki jirgin.

"Kai gurgu, wanga shi ne aikin ranin? Tashi mu gani in shina tahiya!"

Baba ya yi murmushin dole ya ce, "Aje shi. Ba na ruwa ba ne, na kallo ne."

Kai, ka ji dariya! Jirgin ruwan da ba ya son ruwa! Taubashi ya ɗaga jirgin sama ya nufi tabki, yara na tsalle, mata na fitowa daga gidaje. Baba na can baya yana ɗingisawa. Ni ina tsakiyar taro, ban san ko in bi ko in koma ba.

Tabkin ya cika da sabon ruwa, ja wur, kwaɗi na ta kuka, ƙasa na ƙanshi. Taubashi ya ɗora jirgin ya tura. Sai iska ta shiga filafilan, suka kumbura, ya miƙe yana tafiya. Wurin ya yi tsit. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, har na ɗaga kai ina neman matan rijiya da ido. Ya yi nisa kaɗan, sai ya karkata, ya ƙara karkata, ya kwanta a gefensa kamar akuyar da ta ci guba. Ba nauyin komai a cikinsa, don ba a yi shi domin haka ba.

Dariya ta dawo, ta fi ta farko. Baba ya iso bakin ruwa yana haki. Na ji ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, "Ƙaron zai jiƙe." In ƙaro ya jiƙe kuwa, kowane katako zai kama gabansa. Ya kafa sandarsa cikin laka, ta nutse, ya ja da baya. Ba namijin da ya motsa, don shiga ruwan nan ɓata wasan taubasai ne. Na ja kallabi na rufe fuska, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta ƙasan kallabin na ga ƙafafun Kaka. Ashe ɗibar ruwa ta zo. Ta ajiye tulu, ta ƙara ɗaure zane, ta shiga tabkin ba ta dubi kowa ba. Ruwa ya kai mata gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ta kama jirgin da hannu biyu, ta tsiyaye shi, ta aza a ka kamar ƙwaryar nono, ta juyo. Ta fito laka har wuya, ta tsaya gaban Baba. Sai ta kira sunansa. Da ƙarfi, gaban gari duka.

"Amshi kayanka," ta ce. "Zaren ga ni na kaɗa shi, ba ni barin shi ga kwaɗi."

Mata suka kama baki suna salati. Na sha jin sunan a bakin mutane, amma daga bakinta sai na ji kamar na gan ta ba zane. Taubashi ya kashe rediyonsa. Baba ya karɓa kansa a ƙasa, ita kuma ta ɗauki tulunta ta tafi ko ruwan ba ta ɗiba ba.

Ba ta ƙara faɗin sunan ba har ta bar duniya. An daɗe ana zancen a gari, ni kuma kunyata ta zama biyu, a da ɗiyar mai jirgi ce ni, yanzu na zama jikar wadda ta faɗi suna. Baba ya shanya jirgin a inuwa, ya sake manne inda ya buɗe. Filafilan dai ya ƙi canza su, suka zauna da jan lakar tabki.

Yau ƴan mata na ƙwala wa ɗan fari kira a waya tsakiyar kasuwa, ba mai waiwayawa. Ni tsohuwar hannu ce, nawa yana can kurmi da furfurarsa, har yanzu "wancan" nake ce masa, kuma in na tuna muryar Kaka a bakin ruwan nan fuskata sai ta yi zafi. Jirgin yana bisa kabad a ɗakina nan Madawa. Kwanan baya jikata ta hau kujera tana leƙensa, ta ce, "Kaka, yana tafiya kan ruwa?"

Na ce, "A'a. Wannan a ka ake ɗaukarsa."