Tsungulin da na yi wa Baba mai gishiri

"Yaya jiki, Baba?"

"Da sauƙi, Likita."

Yau na ji wani dattijo ya faɗi haka a asibiti yana cije leɓe, sai na tuna Lafia kafin 'yancin kai, ina saurayi, an kwantar da ni aikin ƙaba.

Likitan can yana gwada wata sabuwar allura mai kashe zafin wurin tiyata, ya ce duk wanda ya ji wani abu daban ya faɗa. Maƙwabcin gadona, wani falken gishiri daga Awe, tun da aka yi masa allurar, ƙafarsa ta mutu murus. Amma kullum "da sauƙi". Ni kuma gobe layina.

Da likita ya tsaya kansa, na miƙa hannu na murɗe masa cinya iya ƙarfina. Baba bai ko motsa ba, murmushi yake. Likita ya zare ido, nan take ya dakatar da allurar.

Baba ya harare ni. "Kai ɗan nema! Mutum ya yi maka magani don Allah, ka ce bai yi ba?"

"Baba, kunyarka taka ce, ƙafar gobe tawa ce."

Da ita nake takawa har yau. Ku fa, wace "da sauƙi" kuka taɓa yi wa likita?