Sun Yanke Maki Waƙa, Inna Tabawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi ma Inna Tabawa, ungozomar ƙauyenmu nan yamma da Bagega, rasuwa ran Talata da hantsi, sha ɗaya ga watan azumin tsohhi. Malama Zinatu, wadda ka karantar da mu matan aure, ta ce a lissahin boko ashirin da ɗaya ga Mayu na, 2013. Ita ka rubutawa, ni Dija ni ka hwaɗi, don ban iya riƙon alƙalami ba. Na roƙe ta kada ta gyara mani magana. Ta ce ta'aziyya da sanyin rai akan yi ta. To ni raina ba sanyi, Inna. Ki gahwarce ni.

Ke kiy yanke mani cibi. Ke kiy yanke ma ɗana na hwari, wanda ba ni hwaɗin sunanshi, ke kiy yanke ma Zulai. Garin ga duk wanda bai kai arba'in ba, hannunki na hwarkon taɓa shi. Ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, in anka buga maki ƙyaure kin taso, ba ki taɓa tsayawa tambayar mi za a ba ki ba.

Abin da kit tsana duniya shi na ɗura. In kin ishe macce ta danne yaro bisa cinya, ta toshe mashi hanci tana zuba mashi kunu, sai ki buge hannun, ko ɗiyar wa ta. Ina nan ran da kib buge na matar Labbo maƙwabcinmu, kic ce mata, "Ke 'yan nan, ɗa na ko tulu?" Sai kik karɓe yaron, kik kihe ƙwarya, kis shiga bugun ta da ludayi, da sauri-sauri kamar 'yan mata biyu na lugude:

Ɗan tsattsewa, wa ka ba ka?
Inna ta, Inna ta,
Haam!

In kin kai ga haam ɗin sai ki wangale baki, ga shi ba haƙori ko guda gaba. Yaro ya ƙyalƙyale da dariya, shi ma ya wangale nashi, kunu ya wuce. Ba kuka, ba shaƙewa. Haka nan waƙar tas shiga kowane ɗaki garin ga. Da ita anka ci da ni, da ita nic ci da nawa. Waƙar cin abinci ta, waƙar dariya ta, kowa ya sani.

Da maza sunka soma shigo da dutsin zinari cikin gidaje ana niƙa, ke kic ce ƙurar ga ba ta gero ba ta, a hid da ita daga inda yara ka rarrahe. Anka ce tsuhwa ka damun ki. Ba a daɗe ba yara sunka soma jijjiga. Da nawa yat tahi, ke kiy yi mashi wanka. Kwana bakwai kiy yi ɗakina, na ƙi ci na ƙi sha, kina ba ni hura da ludayi kamar jinjira. Uwar da ta haihe ni ba ta yi mani haka ba, ita ma kukan nata ya ishe ta.

To ga abin da anka saka maki da shi.

Bara da rani Barau, ɗan ƙanenki mai kabu-kabu Gusau, yaz zo maki da mutum biyu. Guda na riƙe da kyamara, guda da wata sanda mai gashi bisa kai. Ina tsakar gidanki ran nan ina taya ki tsintar wake, da kunnena nij ji. Sunka ce labarin waƙarki ya kai birni, suna so su aje ta don 'yan baya. Kij ji daɗi, har kis sake ɗankwali. Kiy yi masu sau guda, sai mai sandar yac ce, "Inna, ja ta sannu-sannu." Kic ce mashi, "Ɗana, yaro mai jin yunwa ba shi jiran sannu." Sunka yi dariya, sunka ce dai ki daure. Kid daure kiy yi, don baƙin Barau na. Sunka aje maki goro da sabulu sunka tahi, kir rabe muna goron.

Bakinsu bai hwaɗi fim ba, Inna. Na rantse da Allah ba su hwaɗa ba.

Bayan babbar salla abin yaz zo wurin mai caji, ana tura ma mutane cikin waya. Anka ce fim na bisa zinari da mutuwar yara, labarinmu na. Mu takwas munka haɗa kai bisa waya guda gindin darbejiya. Ga wata 'yar birni an ɗaura mata zanen ƙauye, ɗanta na jijjiga bisa cinyarta, har ya daina. Ga maza sun naɗe shi cikin tabarma sun nuhi bayan gari. Sai murya tat taso. Muryarki. Sun ja ta kamar danƙo, sun sa mata kiɗan fiyano ƙarƙashi mai kama da kukan mutum. Ɗan tsattsewa, wa ka ba ka. Inna ta. Inna ta. Nan sunka tsaya. Haam ɗin sun yanke shi. Wurin da yaro ka buɗe baki ya yi dariya, nan sunka nuna ana tura ƙasa cikin rami.

Sau ukku yaro ka mutuwa cikin fim ɗin, sau ukku suna sa ta. Ban kai ga na biyun ba, na tashi na zagaya na yi amai.

Daga ran nan waƙar tal lalace. Yara na yin ta bisa hanya irin ta fim, suna jan ta, suna ɗauke da kara kamar makara. Samari sunka mai da ita ƙarar waya. Sai kina layin ruwa ki ji ta taso daga aljihun wani, ki ga macce ta saki bokiti ta zauna ƙasa. Kahin wata biyu an raɗa mata suna, wai waƙar gawa. Kahin wata ukku an soma raɗa cewa ai duk yaran da sunka mutu Tabawa ta yi masu ita. To wa ba ki yi ma ba? Kin yi ma waɗanda sunka mutu, kin yi ma waɗanda ke raye, kin yi ma uwayensu maza da sunka kawo dutsin cikin gida, da ita sunka girma har sunka iya ɗaukar guduma! Likitoci sun hwaɗa, gubar dalma ta, cikin ƙurar take. Amma zagin tsohuwa ya hi sauƙi bisa rabuwa da dutsi.

Anka daina buga maki ƙyaure. Mata na haihuwa kina ji daga bakin yara. In kin shigo gidan suna, sai ki ga uwa ta ja ɗanta ta goya. Da Barau yaz zo gida kit tare shi, yac ce, "Haba Gwaggo, ai kin yi suna, har Kano ana jin ki." Kic ce, "Sunan mi?" Tun ran nan ban sake jin kin ɗaga murya ba, ko ga kaji.

Ku masu fim, in takardar ga ta kai gare ku, a karanta maku. Waƙar kuka kunka rasa? Da kun tambaya da mun ba ku, kowane ɗaki akwai ta, ba sai kun sa fiyano ba. Kun zo garin da kowane gida ya binne yaro, abin dariya guda da yar rage muna shi kunka ɗauka, kunka jiƙa shi da hawayen ƙarya kunka maido muna. Yaron fim ɗinku ya tashi ya kakkaɓe riga ya tahi gida. Namu suna can.

Yanzu saura nawa laihin. Malama, ki rubuta, kada ki tsallake.

Da likitoci sunka zo watan jiya sunka auna jinin Zulai, sunka ce dalma ta yi mata yawa. Shekararta biyu, daidai wada ɗan'uwanta yake sanda yat tahi. Sunka ba ni magani, kapso na, a ɓare a kwaɓa da zuma a ba ta. Wari gare shi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Da ta shaƙa sai ta datse haƙora, ko tsinke ba shi shiga. Ma'aikaciyarsu ta ce in ba ta sha, to ba su da wata dabara da ta wuce shi.

Na san mi ka buɗe bakin Zulai. Nik kihe kwano, nid ɗauki cokali, nib buɗe baki. Abin da yah hito ba taki ba ta, Inna. Tasu ta, mai jan nan. Waƙar da niy yi shekara ashirin ina ji, fim guda ya goge mani ita. Ina cewa ɗan tsattsewa sai in ga tabarma, in ga ƙahwar yaro ta leƙo, in dubi ƙahwar Zulai. Nis saki cokalin. Uban Zulai na zaure, yaj ji, yac ce, "Kada in sake jin wagga waƙa gidan ga." Ban ga laihinshi ba, shi yad ɗauki tabarmar gaske.

Labari yak kai maki Zulai ta ƙi magani. Ran Juma'a da la'asar kiz zo, da sanda, ƙahwahu sun kumbura. Kiy yi sallama sau ukku. Ina ɗaki, na rungume Zulai, na yi shiru kamar ɓarauniya. Tsoro nike kada ki shigo ki yi mata waƙar. Ni, Dija, da kib ba hura da ludayi. Sai nij ji ki daga bayan danga: "Dija, na san kina ciki, ga takalmanki nan. Ba waƙa niz zo yi ba. In ta ƙi, ki laƙato da yatsa ki shahwa mata ga dasashi kaɗan-kaɗan. Kada dai ki toshe mata hanci." Nij ji sandarki na tahiya har ta ɓace. Ita ta maganarki ta ƙarshe gare ni. Kwana huɗu tsakani kic cika.

Ba ni cewa wani ya kashe ki, ajali na Allah na. Amma kin tahi bakinki ruhe, kuma ina cikin waɗanda sunka ruhe shi.

Dabarar yatsa na yi ta. Abin da ka shiga bai kai rabin rabi ba, saura duk ga riga. Ran sadakar ukku muna zaune tsakar gidanki, mata sun cika, azahar ta yi, lokacin maganin na. Zulai na cinyata, ta datse baki, sai nij ji ƙahwarta ta ɗan zabura. Ko barci na, ko abin na, ban sani ba. Ban tsaya shawara da kowa ba. Nij jawo kwanon gumba nik kihe, nis shiga bugu da cokali da ƙarhi, da sauri, don kada muryata ta samu wurin ja. Matar Labbo tac ce, "A'uzubillahi! Gidan makoki, Dija? Kin haukace?" Mata huɗu sunka tashi da 'ya'yansu sunka hita. Ban tsaya ba. Na kai ga Inna ta na biyu, daidai inda sunka yanke, sai murya tam mace mani. Sai Zubaida ɗiyarki, tana bakin ƙohwar ɗakinki idanu jajur, taw wangale baki tac ce, "Haam!"

Zulai tad dube ta. Tab buɗe. Rabi ta haɗiye, rabi ta toho mani ga huska.

Tun ran nan ina yi mata duk lokacin magani. In na kihe kwano uban Zulai sai shi ɗauki hula shi hita, bai hana ba, bai kuma ce a yi ba. Kada in yi maki ƙarya, har yau ina ganin tabarmar, duk yi sai na gan ta. Bugu dai nike da sauri in wuce ta. Talata mai zuwa za su sake auna jinin. Ban san mi za su ce ba, kuma tsoro nike, Inna, ga shi babu ke.

Allah shi jiƙan ki, shi gahwarta maki, shi haskaka kabarinki. Allah shi sa duk cikin da kic cika da kunu shi zama shaida gare ki ran gobe. Allah shi haɗa ki da yaran da kiw wanke, nawa na cikinsu, ya san ki. Ina ta'aziyya ga Malami ɗanki, da Zubaida, da jikokinki duka, Allah shi ba ku haƙuri. Barau, kai ma Allah shi ba ka haƙurin rashin gwaggonka, amma yahiya ba ni da ita yanzu, ba kuma ni yin ƙarya bisa mamaciya. Wanda duk yaj ji wagga takarda shi yi ma Inna Tabawa Ƙulhuwallahu, shi sa Zulai cikin addu'a. Amin.

Malama, tsaya nan. Lokacin maganin ya yi, miƙo mani kwanon can.