Fuskar Ɗan Jimma ta bar Tabotaki

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, yayar mahaifina. Ta cika a Tabotaki ana tsakar yankan hatsi. Ba ta bar shanu ba, ba ta bar gona mai faɗi ba. Abin da ta fi ji da shi a duniya wata 'yar takarda ce da ba ta fi tafin hannu biyu ba.

Tana yarinya babban wansu, Ɗan Jimma, ya tafi cin rani Sakkwato. Can aka ɗauke shi soja, aka kai shi yaƙin Bama. Bai komo ba. Bayan an ƙare yaƙi wani abokinsa ya zo garinmu da takardar naɗe cikin tsumma. Zanen fuskar Ɗan Jimma ne, wanda wani mai zane na can ƙasar ya yi da fentin ruwa. Hular soja a karkace, tsagen gidanmu a kumatu, idanu kamar na wanda bai ƙoshi da barci ba. A kusurwar ƙasa akwai wani rubutu mai zagaye-zagaye da ba wanda ya iya karantawa, har mu da muka yi lakwal, wato makarantar boko.

Cikin kwalla take ajiye shi, tsakanin zannuwanta. Ba ta fiddo shi sai in an yi haihuwa a dangi. Sai ta kai shi kusa da jariri, ta dubi wannan ta dubi wancan, tana neman goshin wanta.

Shekarunta na ƙarshe wani dillalin kayan tarihi daga Yamai ya ji labari, ya zo har gida, ina zaune. Ya ce irin waɗannan zane na mutanen Bama yanzu masu tara tsoffin kaya suna rububinsu a ƙasashen waje, musamman in akwai sa hannun mai zanen. Ya faɗi kuɗin da ya sa na gyara zama. Gwaggo ta saurare shi har ya gama.

"Ɗana, kana da wa?"

"Ina da shi, Inna."

"Nawa za ka saida shi?"

Ya yi dariyar kunya. Ta ce, "To tashi ka tahi tun rana ba ta yi ba."

Da ta rasu kwallar ta koma hannun ɗanta Abdu. Ya riƙe amana har matarsa Rabi ta kamu da ciwon ƙoda, likita ya ce sai Yamai. Ya saida tumaki, ya jinginar da gona, abin bai isa ba. Wata ranar kasuwa ya same ni a Madawa, tsumman na cikin aljihun rigarsa.

"Yaya, ba ni da wata dabara," in ji shi, bai ɗaga kai ba.

Ni na kira dillalin da salulata, ya zo ya saye zanen. Rabi ta samu sauƙi har ta yaye autarta, daga baya ciwon ya dawo ya tafi da ita.

Tun lokacin nake tambayar kaina abin da Gwaggo za ta ce. Wata rana in ga kamar za ta juya mana baya. Wata rana kuma in tuna yadda take son Rabi, ita ce ma ta nemo wa Abdu aurenta, sai in ce da hannunta za ta buɗe kwallar. Ban sani ba, kuma ba wanda ya rage da zan tambaya.

Bara 'yata da ke karatu a Tawa ta turo mini wani hoto da ta tsinta a intanet, a shafin masu gwanjon kayan zane. Shi ne, an sa shi cikin gilashi, an tsabtace gefen da gara ta taɓa. Sun yi dogon bayani kan mai zanen da irin takardar. A ƙarƙashi aka rubuta: sojan Afirka, ba a san sunansa ba.

Gwaggo ba ta san boko ba, amma ta fi shekara sittin tana tsaron sunan nan, har jikokinta da ba su ga kabarinsa ba suna sa shi cikin addu'a. Sunan dai bai shiga gwanjo ba. Na sa yarinyar ta rubuta musu cewa sunansa Ɗan Jimma, mutumin Tabotaki ne, kuma yana da ƙanwa da ta jira shi har ta tsufa. Ba su amsa ba.

Allah ya jiƙan su duka ukun, Gwaggo da Ɗan Jimma da Rabi.