Sifili Biyar a Fom ɗin Sadiƙu

Ranar wata Litinin ce cikin damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Umma ta shigo gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi riƙe da wata takarda a ƙarƙashin hijabi, tana kare ta daga yayyafi kamar wadda aka ba ajiyar takardar fili. Ina tsugune bakin rariya ina wanke-wanke, rabin hankalina yana wajen yaran da ke carafke a zaure. Iyali bakwai ne a gidan hayar, kuma kafin Umma ta kai ƙofar ɗakinmu kowa ya san fom ne na gidan renon yara. A gidanmu ko atishawa ka yi cikin bargo, daga banɗaki za a ce maka yarhamukallah.

Umma ta samu aikin shara da wanki a masaukin ɗalibai nas-nas kusa da asibitin koyarwa. An ba ta mako biyu ta nemi inda za ta riƙa ajiye ƙanena Sadiƙu, don ba a yarda da goyo a wurin ba. Watansa takwas a lokacin, amma ya fi buhun masara nauyi, kukansa kuwa har Daurawa ana jiyowa. Wata ƙungiyar mata a Tarauni tana da gidan reno, masu hali su biya duka, masu ƙaramin ƙarfi su biya kwata. Kwatan nan kaɗai albashin Umma zai iya ɗauka.

Umma allo ta yi, ba ta yi boko ba, don haka ni aka miƙa wa biro. An san ni da ƙari a unguwa: in na ga ɓera a kicin, kafin in kai zaure ya zama tunkiya. Amma ranar na natsu, na cike suna da unguwa da allurar rigakafi, har muka iso layin da ke tambayar kuɗin da ke shigowa gidan a wata. Umma ba ta sani ba. Shekara goma sha biyu da aure, ba ta taɓa tambayar Baba abin da yake samu a rumfarsa ta gyaran fanka ba. A wurinmu mace cefane take gani, ba ta leƙa aljihu. Da ya dawo bayan la'asar na tambaye shi, ya dube ni kamar na ce ya tuɓe riga a bakin titi. "Rubuta Alhamdulillahi," in ji shi. Na rubuta, da kyakkyawan rubutu ma.

Washegari muka taka zuwa Tarauni, muna tsallake taɓo. Mata sun cika benci, cikinsu har da wata nas da 'yarta Iklima, 'yar ajinmu, wadda na daɗe ina ba labarin cewa Babana yana da kamfanin fanka da ma'aikata arba'in. Antin da ke karɓar fom ta duba namu, ta ɗaga murya. "Hajiya, lamba muke so. Alhamdulillahin nan nawa ne?" Benci ya kwashe da dariya. Umma ta sunkuyar da kai tana gyara goyon da babu abin da ya same shi, ta ce min a hankali, "Rahama, sa abin da kika ga ya dace." Iklima ta miƙo wuya. Na rubuta tara, na jera mata sifili biyar, manya-manya kamar ƙosai. Anti ta dubi lambar, ta dubi silifas ɗina mai ɗinkin waya, ta buga hatimi. Na fito ina tafiya kamar na ci gasar ƙasa.

Bayan kwana biyar aka liƙa sunaye. Sadiƙu yana cikin masu biyan duka, tsakanin ɗan likita da ɗan wani Alhaji mai gidan mai. Umma ta koma ta yi bayani cewa yarinya ce ta rubuta. Aka ce a gyara ba wuya, maigida ya kawo takardar shaida daga mai unguwa cewa shi mai ƙaramin ƙarfi ne. Baba yana zaune kan tabarma yana kwance wata tsohuwar fanka lokacin da ta faɗa masa. Bai ɗago ba. "In je gaban mai unguwa, gaban mutanen da muke sahu ɗaya a masallaci, in ce na kasa riƙe gidana? Wa ya kwana da yunwa a nan?" Babu wanda ya kwana da yunwa. Da wannan maganar mako biyun Umma suka ƙare, aka ba wata aikin.

Na jira duka. Har na sa zane biyu. Umma ba ta taɓa ni ba, ta dai ce, "Ai kin rufa mana asiri, Rahama," ta ci gaba da tankaɗe. Da ma ta zane ni.

Yanzu ina aji biyar a sakandare, Sadiƙu ya shiga firamare, Umma kuma tana soya awara a ƙofar gida, hayaƙi ya cinye mata idanu. Har yau ina ba 'yan ajinmu dariya, har yau ɓerayena manya ne. Amma kullum da safe matar da ta maye gurbin Umma takan bi ta layinmu da shuɗin yunifom da jaka a kafaɗa, ta tsaya ta sayi awara. Umma takan ƙara mata gyara, ta bi bayanta da kallo har ta sha kwana. Wannan labarin kaɗai nake bayarwa ba tare da na ƙara komai ba.